Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamanmu masu horar da ɗaliban ba da shawara: ku nuna musu hanyar majalisa

Zuwa ga iyayena da yayyena, 'ya'yan Zango masu koyar da aikin jagoranci da ba da shawara a jami'o'i da kwalejojin horar da malamai na ƙasar Gana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar iyali da ɗawainiyar aiki, ina rubuto muku ne daga Kumasi, inda nake aikin ba da shawara a wata makarantar sakandare. Wasunku sun koyar da ni, wasu kuma tare muka zauna a aji. Akan turo mini ɗalibanku idan lokacin aikin gwaji ya zo, saboda haka abin da kuke shukawa a aji ni nake fara ganin tsironsa. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so ku sa koyon yadda ake yin doka, da yadda ake bibiyarta har a gyara ta ko a zuba mata kuɗi, ya zama darasi na dole cikin horon da kuke bayarwa, darasin da ake fita a yi a aikace kuma a ba shi maki.

Ba ina raina aikinku ba ne. Yaran da kuke turowa sun iya sauraro. Sun san yadda ake zama da mai kuka ba tare da an katse shi ba, sun san riƙe sirri, sun haddace sunayen masanan Turai da ra'ayoyinsu. Amma ka tambayi ɗayansu wane kwamiti ne a majalisar dokoki yake duba harkar ilimi, ko kwana nawa ake buga ƙudiri a jaridar gwamnati kafin a shigar da shi zaure, sai ka ga yana kallonka kamar ka sauka daga kan maganar aiki. A wurinsa doka abin lauyoyi ne, majalisa kuma wurin hayaniyar da ake gani a talabijin. Ga shi kuwa mafi yawan matsalolin da ake kawo mana ofis suna da wata doka a bayansu: ko wadda aka yi ba daidai ba, ko wadda aka yi aka bar ta a takarda, ko wadda har yau ba a yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ne a cikin ɗakin. Sai dai an koya mana tara kwano a ƙarƙashin ɗigon, ba a nuna mana inda ake hawa rufi ba.

Tun 1976 hukumar ilimi ta ƙasa ta ba da umarnin a kafa aikin jagoranci da ba da shawara a makarantun gaba da firamare, aka ɗora wa jami'ar Cape Coast nauyin horar da ma'aikatan. Shekara kusan hamsin ke nan. Duk da haka, ku shiga makarantu da yawa ku gani: wanda ake kira mai ba da shawara shi ne kuma malamin darasi mai cikakken jadawali, ba shi da ɗaki nasa, teburinsa yana cikin ɗakin malamai. Yarinya za ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙo, ta ga malamai bakwai suna cin wake da shinkafa suna hirar ƙwallo, ta ce "Malam, ba komai, gaisuwa na zo yi," ta juya. Wannan yarinya ba ƙarancin ƙwarewar malamin ne ya kore ta ba. Rashin ɗaki ne, da rashin gurbin aiki na cikakken lokaci, kuma waɗannan biyun a kasafin kuɗi da tsarin ɗaukar ma'aikata ake yanke su, can Akra.

Misalin da ya fi kusa da aikinmu shi ne na yunƙurin kashe kai. Sashe na 57 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya mai da shi laifi, wanda ɗaurinsa zai iya kai shekara 3. Duk wanda ya yi wannan aiki kafin 2023 ya san abin da hakan yake haifarwa. Iyali su ɓoye. A asibiti a ce kuskure ne. Mutumin da ya fi kowa bukatar a zauna da shi, shi ne wanda ya fi kowa tsoron buɗe baki, don bayan ciwon da ke ransa ga kuma ɗan sanda. Masu bincike a jami'ar Legon, irin su Farfesa Charity Akotia da Farfesa Joseph Osafo, sun yi shekaru suna tattara hujja suna magana da alƙalai da 'yan sanda da 'yan majalisa. Dakta Akwasi Osei, lokacin da yake shugabantar hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, bai gaji da maimaita maganar ba. A 2019 da batun ya taso a zauren majalisa, manyan 'yan majalisa suka miƙe suka ce a bar hukuncin yadda yake. Masu neman gyara ba su yi fushi sun tafi gida ba. A watan Maris na 2023 majalisa ta soke laifin, ta hanyar ƙudirin da 'yan majalisa biyu suka ɗauki nauyinsa, Kwame Anyimadu-Antwi na jam'iyyar NPP da Bernard Ahiafor na jam'iyyar NDC.

Na san abin da wasu iyayenmu a Zango suke cewa: ai haramun ne. Haramun ne, babu mai jayayya. Amma haramcin abu a addini daban, tura mara lafiya kurkuku daban, kuma ɗalibin da zai yi aiki a Aboabo ko Sawaba ko Nima dole ya iya bayyana wannan bambanci a gaban liman cikin ladabi, da Hausar da liman zai gamsu da ita. Wannan ma yana cikin darasin da nake roƙo. Sannan ku sa ɗalibai su karanta lafazin gyaran da kansu. Ya ce a ɗauki wanda ya yi yunƙurin a matsayin mai tsananin taɓin hankali, a bi da shi bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ni a ganina wannan lafazi ya yi faɗi, domin ba duk wanda bashi ko kunya ko zalunci ya kai shi bango ne yake da taɓin hankali ba. Da a ce masu zama da irin waɗannan mutane kullum sun fi haka yawa a gaban kwamiti, wataƙila da an sassauta kalmar. Ga jarrabawa mai kyau: a ba ɗalibi wannan jimla ɗaya, a ce ya sake rubuta ta, ya kare abin da ya rubuta.

Darasi na biyu shi ne cewa sa hannun shugaban ƙasa ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846 ta fito a 2012, ta maye gurbin dokar soja ta 1972, aka yi ta yaba mata har a ƙasashen waje. Ƙa'idojin aiwatar da ita sai a 2019 suka fito. Dokar ta tanadi asusu na musamman, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a kafa harajin da zai riƙa cika shi ba. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, ga arewa can nesa inda da yawa daga cikin 'yan kayaye, masu dako a kasuwar Kejetia, suka fito. Sai a watan Nuwamba na 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar wasu cututtukan ƙwaƙwalwa guda huɗu. Haka dokar yaƙi da cin zarafi a cikin gida ta 2007, mai lamba 732: ita ma ta tanadi asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta, ita ma sai 2016 aka samu ƙa'idojinta. Ɗalibin da bai san wannan ba zai ɗauka da zarar an ce "an yi doka" magana ta ƙare, ya tura mace ofishin 'yan sanda da alkawarin abin da ba za ta tarar ba.

Akwai kuma sashe na 108 na kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya kamata kowane ɗalibinmu ya sani kamar sunansa. Duk ƙudirin da zai ɗora wa baitulmali nauyin kuɗi, sai shugaban ƙasa ko wakilinsa ne zai iya kawo shi majalisa. Sai a 2020 ma majalisa ta fara zartar da ƙudirin da ɗan majalisa ya kawo da kansa. Ku tuna kisan Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, a Kafaba a watan Yuli na 2020, bisa zargin maita. Majalisa ta amince da ƙudirin haramta irin wannan zargi a Yulin 2023, wanda Francis-Xavier Sosu na Madina ya jagoranta, amma shugaban ƙasa na lokacin ya ƙi sa hannu, ya kafa hujja da wannan sashe. Ma'anar wannan ga mai ba da shawara a fili take. Idan abin da kake nema ɗaukar ma'aikata ne ko gina ɗakuna, ƙofar ma'aikatar ilimi da ta kuɗi za ka fara ƙwanƙwasawa, kuma kafin a gama haɗa kasafin da akan karanta a tsakiyar Nuwamba. Wanda ya zo da kukansa a watan Janairu ya makara da shekara guda.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin namu ne mu 'yan Zango, kuma idan ba mu ɗauke shi ba babu mai ɗaukar mana.

Yawancin masu ba da shawara da suka fito daga cikinmu, ko a makaranta suke aiki, ƙarshenta sai an kawo musu maganar aure da gado. Da yamma a ƙofar gida, ko bayan sallar Isha'i, wata Hajiya za ta aiko a ce tana son ganin Malam. Mijinta ya rasu, an yi sadakar arba'in, 'yan'uwan miji sun fara maganar gida. Ka tambaye ta takardar aure, ta kwance gefen zane ko ta buɗe wata tsohuwar jaka, ta miƙo maka takardar da masallaci ya bayar, an naɗe ta cikin leda, ko kuma ta ce, "Wace takarda kuma, Malam? Duk unguwar nan an ci goron aurena." Gaskiya ta faɗa. Amma dokar da ta tsara rajistar auren Musulmi a ƙasar nan ta 1907 ce, tun zamanin Turawa. Ta ce cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da gwamnati ta ba lasisi su je gaban magatakarda a rubuta. Ku faɗa mini tsakani da Allah, cikin aurarrakin da kuka halarta a Kumasi da Akra, nawa ne aka yi wannan? Mako guda bayan ɗaurin aure ko gajiyar biki ba a sauke ba. Limamai nawa ne ma suka san akwai wani lasisi?

Sai kuma gado. Tun 1985, dokar rabon gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda kowa ya sani da lamba 111, ta hau kan kowa ba tare da duba addininsa ba. A ƙarƙashinta gida ɗaya da kayan cikinsa na matar da 'ya'ya ne, sauran dukiya kuma a kasa ta goma sha shida: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyaye, biyu a raba bisa al'ada. Wannan ba shi ne rabon da malamanmu suke yi ba, inda matan aure suke tarayya a kan tumuni idan akwai 'ya'ya. Muddin iyali sun yarda da rabon malamai, lafiya lau. Ranar da mutum ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, sai kowa ya gane cewa ƙasa da wata doka take aiki. Sashe na 22 na kundin tsarin mulki ya umarci majalisa ta yi dokar haƙƙin ma'aurata a kan dukiya ba tare da jinkiri ba, amma aka haura shekara talatin alƙalai ne suke cike giɓin da hukuncinsu. Dokar filaye ta 2020 ta ɗan taɓa wani ɓangare, inda ta hana miji ko mata sayar da filin da suka samu tare a zaman aure sai da rubutacciyar yardar ɗayan. Mata nawa ne a Asawase suka taɓa jin wannan?

An daɗe ana maganar sabuwar dokar aure da saki ta Musulmi, ana taruka ana watsewa. Malamai suna da ilimin fiƙihu, lauyoyi suna da ilimin tsara doka. Wanda yake zaune da matar da aka yi wa saki ta waya, ko yaran da aka raba da gidan ubansu, ya san inda abin yake ciwo, shi ne ba ya cikin ɗakin. Ba korarsa aka yi ba. Bai san ranar zaman ba, bai san ana karɓar takardar ra'ayi daga jama'a ba, bai kuma taɓa rubuta irinta ba. Ba ina cewa mai ba da shawara ya zama mufti ba, Allah Ya kiyaye. Abin da zai kawo shi ne shaida: ga abin da ke faruwa da mutane idan wa'adin rajista mako guda ne, ga abin da zai sauya idan aka mai da shi wata uku aka kuma kawo rajistar kusa da masallatan Juma'a.

Maganar ƙwaya ba sai na tsawaita ba, duk wanda ya wuce ta bes, wato dandalin zaman samari, da dare ya ga abin da tramadol da jar ƙwayar nan suke yi. Dokar 2020 mai lamba 1019 ta sauya hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha daga ɗauri zuwa tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000. Ci gaba ne. Amma ɗan pragiya, wato mai tuƙa babur mai ƙafa uku, ko mai tura baro da ba shi da wannan kuɗi, kurkukun dai zai koma. Haka bulala a makaranta: hukumar ilimi ta hana tun 2017, amma umarni ne na ofis, dokar yara ta 1998 da dokar laifuka har yanzu sun bar ƙofar "horo daidai gwargwado". Ɗalibi ya san bambancin umarnin ofis da dokar majalisa, don ya san wanne ne sabon darakta zai iya sokewa da wasiƙa ɗaya.

To me nake so a koyar? Ba wani abu mai tsada ba. A fara da sashe na 106 na kundin tsarin mulki, a karanta shi a aji layi-layi: ƙudiri yana zuwa da takardar bayanin dalilinsa, a buga shi a jaridar gwamnati aƙalla kwana 14 kafin a gabatar, a yi karatu na farko, a miƙa wa kwamiti, a dawo a yi na biyu, a bi shi sashe-sashe ana gyara, a yi na uku, sannan a kai wa shugaban ƙasa. Ɗalibi ya gane cewa lokacin da ƙudiri yake hannun kwamiti shi ne lokacin da muryar ɗan ƙasa ta fi tasiri. Ya san ƙa'idojin aiwatarwa sai sun kwana 21 na zaman majalisa kafin su fara aiki. Ya san ƙudirin da bai kammala ba idan wa'adin majalisa ya ƙare, sai an sake shi daga farko. Sannan kowane ɗalibi ya zaɓi matsala ɗaya da ya gani a wurin aikin gwajinsa, ya nemo dokar da ke bayanta, ya rubuta shafi ɗaya tak. Shafi ɗaya ya fi kundin digiri wahalar rubutawa, domin babu inda mutum zai ɓuya. Idan yana bukatar alƙaluma, ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, wadda ita kanta sai da aka yi kusan shekara ashirin ana fafutuka kafin ta fito. Ya rubuta wa ofishin ilimi na gunduma ya tambaya: makarantu nawa ne suke da mai ba da shawara wanda ba ya koyar da wani darasi? Doka ta ba su kwana 14 su amsa. Ko an amsa ko ba a amsa ba, ya koyi wani abu.

Bayan haka sai a fita. Ba lallai sai an cika mota an tafi Akra ba, duk da cewa zama a barandar baƙi ta majalisa ko sau ɗaya yana cire wa yaro tsoron wurin. Ɗan majalisa yakan sami wurin karɓar jama'a a mazaɓarsa. Ku dubi yadda wurin yake ranar Asabar: benci cike, wannan da takardar kuɗin makaranta, wancan da katin suna, wata da takardar asibiti, wasu sun zo sanar da rasuwa. Kowa da abin da yake so a sa masa a hannu. Idan ɗalibarku ta shiga ta gaishe shi, kafin ta gama gabatar da kanta hannunsa ya nufi aljihu, don abin da ya saba ke nan. Nan ne horonku zai nuna kansa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya nake so ka yi wa ministan ilimi a zaure, ga ta a rubuce." Minti biyar take da su. Ta bar masa takardar, ta karɓi lambar mataimakinsa, bayan mako biyu ta kira, bayan wata ta sake kira. Yawancin 'yan majalisa ba su da masu bincike isassu, kuma wanda ya kawo musu magana a tsare da hujjarta ya rage musu aiki ne.

Kada kuma a raina majalisar gunduma. Asambiliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, maƙwabcinmu ne, tare muke sallah, kuma ba da tutar jam'iyya ake zaɓensa ba. Majalisun gundumomi suna yin dokokin yankinsu a ƙarƙashin dokar 2016 mai lamba 936, suna da kasonsu daga asusun bai-ɗaya wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da labule a makarantar unguwa, ko hana buɗe shagon caca a jikin katangar makaranta, a majalisar gunduma ta Asokore Mampong za a iya yanke shi ba sai an je Akra ba. Ga kuma asusun raya Zango da aka kafa da doka a 2017. Da sunanmu aka kafa shi, ya kamata a ce ɗalibanmu sun karanta abin da dokar ta ce a kashe kuɗin a kai, su ga ko lafiyar zuciyar matasa tana da wurin shiga.

Na san abin da za a ce a taron sashe. Za a ce wannan siyasa ce. Tsoron yana da tushe, musamman a wurinmu, inda aka saba ɗaukar Zango rumbun ƙuri'a da wurin ɗibar samarin rakiya. Amma shi ya sa ma ya kamata a koya a aji, ƙarƙashin idon malami, da ƙa'ida. Mai ba da shawara ba ya shiga ofishin ɗan majalisa da rigar lema ta NDC ko ta giwa ta NPP. Takardar da ya kai wa wannan ɓangare ita zai kai wa wancan, ba ƙari ba ragi. Ba ya karɓar ambulan. Idan ba ku koya musu wannan ba, 'yan siyasa za su koya musu nasu salon.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sirri. Labari mai taɓa zuciya shi ne yake motsa ɗan majalisa, kuma mu ne muke da irin waɗannan labarai. Jarabar tana da ƙarfi. A Zango kuwa ba sai ka faɗi suna ba: ka ce "wata bazawara mai sayar da koko kusa da masallaci kaza", kafin la'asar kowa ya san wadda kake nufi. Dole a horar da ɗalibi ya iya haɗa abin da ya gani wurin mutum ashirin ya zama bayani ɗaya wanda ba ya nuna kowa, kuma kada ya taɓa ɗaukar wanda ya zo neman taimako ya kai shi gaban kyamara don a tausaya. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana nan, ga kuma majalisar kula da masana halayyar ɗan'adam da dokar 2013 mai lamba 857 ta kafa, wadda take ba mu lasisi kuma take iya karɓe shi. Wanda ya sayar da sirrin mutum ɗaya don ya gyara wa dubu doka ya ci amana, ko da dokar ta gyaru.

Za a kuma ce manhaja ta cika, kuma sabon darasi sai hukumar kula da manyan makarantu ta amince. Gaskiya ne. Amma darasin ɗa'ar aiki yana nan, aikin gwaji yana nan, kuma malami yana da ikon zaɓen aikin da zai ba ɗalibansa. Mako uku daga cikin zangon karatu sun isa a fara. A Amurka ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasar ta amince da jerin ƙwarewar fafutuka tun 2003, kuma ɗalibai sukan bi malamansu zuwa majalisun jihohi su gana da wakilansu. Sun shafe fiye da shekara goma suna neman inshorar gwamnati ta tsofaffi ta riƙa biyan aikinsu, aka amince a Disambar 2022, ya fara aiki a Janairun 2024. Ban kawo su don a kwaikwaye su ido rufe ba. Yawancin fafutukarsu a kan lasisi da biyan kuɗin aiki take, mu kuwa tamu ta fi karkata ga bazawarar da ba ta da takarda da yaron da ba shi da kuɗin tara. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun mai da shi aikin aji, ba sha'awar wanda ya ga dama ba.

Abu na ƙarshe, harshe. Takardar da za ta je majalisa da Turanci za a rubuta ta, babu makawa. Amma goyon bayan da zai sa a karanta ta, a Zango ake samo shi: wurin sarakunan Zango, da limamai, da magajiyoyi, da ƙungiyoyin mata masu adashi, da gidajen rediyon da ke shirin Hausa da dare. Ku sa ɗalibi ya bayyana shafinsa ɗaya da baki, da Hausa ko Tuwi ko Dagbani, a gaban mutanen da abin ya shafa, ku ba shi maki a kan ko sun gane, da kuma ko ya saurari gyaran da suka yi masa. Sau da yawa Hajiyar da ba ta taɓa shiga aji ba ita za ta nuna masa inda shawararsa ba za ta yi aiki ba.

Ina roƙon duk wanda wannan wasiƙa ta isa gare shi a cikinku ya sa maganar cikin ajandar taron sashensa kafin a raba darussan zango mai zuwa. Ɗaliban da za ku turo mini aikin gwaji bana, da izininku zan ɗora musu wannan aikin shafi ɗaya, in raka su zaman majalisar gunduma, in kuma aiko muku da abin da suka rubuta tare da rahoton da na saba aikowa, ku duba ku ga ko ya cancanci maki.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Ɗalibinku kuma ƙaninku,
mai ba da shawara a wata sakandare,
Asawase, Kumasi.